Jinga Ita Ce Ajinka: Lacca Ga Masu Koyon Turanci Daga Nesa

Shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, iyayenmu mata, da ku ɗalibai da aka taru dominku: Na san wasunku daga wurin aiki suka wuto nan, wasu kuma sun bar yara a hannun maƙwabta, don haka ba zan tsaya dogon sharar fage ba.

An ce in yi magana a kan jinga: yadda ɗalibin da ke karatu daga nesa zai yi jingar darasin Turanci, ya kammala ta, ya miƙa ta kafin a rufe karɓa. Wani zai ce ai wannan magana ce ta allon sanarwa, ba ta kai a tara mutane a kanta ba. Ni kuwa a ganina, a irin karatunku babu maganar da ta fi ta nauyi. Ɗalibin da ke zaune a cikin jami'a yana ganin malaminsa kowane mako. Idan ya faɗi abu ba daidai ba, a nan take za a gyara masa, ko da da kallo ne. Yana da abokan ɗaki da za su yi masa dariya har ya daina kuskuren. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kana da littafin kwas, kana da waya ko kwamfuta, sai kuma dare bayan kowa ya yi barci. Wuri ɗaya tak ya rage inda malami zai ga abin da ke cikin kanka, ya sa hannu ya gyara, wato takardar jinga. Ita ce ajinka.

Haka abin yake tun asalinsa. A 1840 aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya a Ingila, wanda ya sa talaka ma yana iya aika wasiƙa ko'ina a ƙasar. A wannan lokaci ne wani malami a garin Bath mai suna Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun nan na sakatarori ta gidan waya. Yakan aika wa ɗalibi darasi a kan ɗan kati, ɗalibi ya rubuta wasu ayoyin Baibul da wannan salon rubutu ya mayar masa, shi kuma ya gyara ya sake aikawa. Ku lura da abin da mutumin nan ya ƙara. Littafi yana nan tun kafin shi, duk mai kuɗi yana iya saye ya karanta a gida. Abin da babu shi ne dawowar takarda: aikin ɗalibi ya je hannun malami, ya komo da gyara. Daga ranar da takarda ta fara zuwa tana dawowa aka haifi karatu daga nesa.

A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga wanda bai zauna a cikinta ba ya rubuta jarrabawarta ya sami digiri. Sai makarantun wasiƙa suka taso suna shirya mutane, irin su Wolsey Hall da ke Oxford, wadda aka kafa a 1894, da Rapid Results College ta Landan. Kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, kuma tun kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, ta wannan hanya akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da yawa a Najeriya suka ƙaro ilimi. Mutum ya rubuta jingarsa da hasken fitilar ƙwai, ya kai gidan waya, takarda ta hau jirgin ruwa, ya zauna jiran makonni kafin ya ga jan biron malamin da bai taɓa gani ba. Cif Obafemi Awolowo yana gida Najeriya ya yi digirin kasuwanci na Jami'ar Landan a shekarun 1940. Nelson Mandela yana tsare ya ci gaba da karatun lauya, har ya kammala da jami'ar karatu daga nesa ta Afirka ta Kudu, wato UNISA, a ƙarshen shekarun 1980.

Tsarin da kuke kai yanzu kuwa, yawancinsa daga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya aka ɗauko shi. An kafa ta a 1969, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, mutum kusan 25,000, ana watsa musu darussa ta rediyo da talabijin na BBC. Amma masu tsara ta ba su yarda rediyo ya isa ba. Kowane ɗalibi suka haɗa shi da malami mai duba masa jinga, ya rubuta masa bayani a gefen takarda. Sunan nan TMA da ke bakinku kullum daga can ya zo, kuma ma'anarsa jingar da malami ke dubawa. A nan gida, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare ga kowa, domin a horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda shi kansa ya dawo ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a 2018. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiyoyin karatu har a cikin gidajen gyaran hali. Saboda haka kada wani ya sa ku ji kamar karatunku na jeka-na-yi-ka ne. Hanya ce mai tarihi, kuma manya sun bi ta.

Mu zo kan lissafi, tun da na san shi ne ya fi damun da yawanku. A NOUN, da mafi yawan makarantu irinta, jinga tana ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango tana da 70. Mu ɗauka 40 ake nema a ci kwas. Wadda ta tara 25 a jinga, 15 kawai take nema a ɗakin jarrabawa ta tsallake, duk abin da ta ƙara riba ce. Wanda bai yi jinga ba sai ya nemo 40 ɗin nan gaba ɗaya daga cikin 70, a cikin sa'o'i biyu, ga faɗuwar gaba, ga mai sa ido yana zagaye. Maki 30 ɗin nan su ne kaɗai makin da aka yarda ka nema littafi a buɗe, a ɗakinka, da kofin shayi a gefe. Ban san dalilin da zai sa mai hankali ya bar su ba.

Amma da maki ne kaɗai zancen, da na zauna yanzu. Darasin Turanci ya bambanta da sauran kwasa-kwasai ta wata fuska da ya kamata ku riƙe. Tarihi ko tsarin mulki, mutum yana iya haddace su ana gobe jarrabawa ya je ya juye. Harshe ba ya yarda da haka. Harshe ƙwarewa ce, a hannu da baki take zama, kuma ba ta zama sai an yi, an yi kuskure, an gyara, an sake. Mu da muka tashi a makarantar allo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro yakan rubuta allonsa da hannunsa ya kai wa malam ya duba. Malam ya ga inda ya tsallake wasali, ya ga inda ya haɗa baƙin da ba a haɗawa, ya sa alƙalami ya gyara a gabansa. Idan wani babba ne ke rubuta masa allon kullum, malam zai ga allo mai kyau ya yi murna, yaro kuma ya girma bai iya riƙe alƙalami ba. Jingar Turanci ita ce allonka.

Kuma mu Hausawa muna da wuraren da muke tuntuɓe a Turanci, waɗanda ba laifin kowa ba ne, ginin harsunan biyu ne ya bambanta. Hausa ba ta raba sautin p da f, shi ya sa suke musanya wuri a bakinmu, daga baki kuma su gangaro kan takarda. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, Turanci kuwa yana cike da haruffan da ake rubutawa ba a furta su, da kalmomi biyu masu sauti ɗaya da rubutu daban. 'Yan ƙananan kalmomin nan da Bature ke ajiyewa gaban suna, a da an da the, Hausa ba ta aiki da su haka, don haka ko dai mu manta da su ko mu yayyafa su ko'ina. A Hausa wakilin suna ne ke ɗauke da lokacin aiki, na tafi, ina tafiya, zan tafi. A Turanci fi'ilin ne da kansa ke sauya kama, wani lokaci ma ya sauya ba bisa wata ƙa'ida ba. Littafin kwas zai gaya maka duk wannan, ka gyaɗa kai ka ce ka gane. Amma ba zai iya gaya maka wanne daga cikinsu ne naka ba. Wannan sai wanda ya karanta rubutunka.

Bari in nuna muku yadda abin yake daga ɓangaren mai dubawa. Takarda ta zo daga wata malamar firamare, an ce ta rubuta wasiƙar neman hutun haihuwa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Rubutun hannu ne, ta ɗauki hotonsa da waya, har ana ganin gefen tabarma. Ta fara wasiƙar da gaisuwa mai tsawo, ya aiki, ya iyali, da fatan ana lafiya, kamar yadda ladabinmu ya koya mata. Adireshi ɗaya ta sa maimakon biyu. Ta fara labari da lokacin da ya wuce, tsakiyar jimla ta zame ta koma lokacin yanzu. To, irin wannan takarda ita ce mai daɗin dubawa. Kurakuranta nata ne, kuma kowanne yana nuna maka abin da za ka koya mata. Sai ka rubuta a gefe: Malama, wasiƙar ofis ba ta ɗaukar gaisuwa, ki shiga maganar kai tsaye, ga inda adireshi na biyu ke zama, ki duba fi'ilan da na ja wa layi. Jinga ta gaba ta zo, gaisuwar ta tafi, adireshi biyu sun zauna, saura fi'ilai. Wannan shi ne karatu, ana ganinsa da ido yana tafiya.

Sai kuma ɗaya nau'in. Takardu su zo a jere, bugun kwamfuta mai tsabta, Turanci kamar na jaridar Landan. Ka karanta ta farko ka yi mamaki. Ka ɗauki ta biyu, sai ka ga jimlar farko iri ɗaya. Ta uku ma haka, har waƙafin da aka sa ba a wurinsa ba yana nan a wuri ɗaya. Wani lokaci ma sai ka tarar da lambar rajistar wani ɗalibi daban an manta ba a goge ba a ƙasan shafi. Me zan rubuta a gefen irin wannan takarda? Wa zan gyara wa? Mutumin da ya rubuta ta ba ɗalibina ba ne, ɗalibina kuma bai nuna mini komai nasa ba.

Kowa a ɗakin nan ya san inda ake samo su. Akwai shagunan kafe da ke kusa da cibiyoyin karatu inda za ka ba da lambarka da kalmar sirrinka, ka biya, a yi maka jingar zango gaba ɗaya kana zaune kana danna waya. Akwai zaurukan WhatsApp da ake raba amsoshi. Daga ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan uwansa, waɗanda za su rubuta maka insha'i kafin ruwan shayi ya tafasa. Ba zan tsaya ina tsorata ku da cewa za a kama ku ba. Akwai manhajojin gano satar rubutu irin su Turnitin, akwai hukunci a dokokin kowace makaranta, amma gaskiya wasu suna tsallakewa. Abin da ke damuna daban ne. Ka biya kuɗin makaranta da guminka, wataƙila da bashi ko adashi, domin a koya maka Turanci. Sannan ka sake biyan wani kuɗin domin a hana malamin ganin Turancinka. Sau biyu ke nan ka biya, kuma ba ka tafi da komai ba.

Kuma ranar tana zuwa. A NOUN, 'yan shekarar farko da ta biyu a kwamfuta suke jarrabawa, zaɓi-ka-danna. Daga shekara ta uku sai a miƙo maka takarda da biro. A nan wanda ya sayi jingar kwasa-kwasan Turanci na GST 101 da GST 102 zai zauna yana kallon silin. Bayan makaranta kuma akwai rahoton da shugabanka zai ce ka rubuto, akwai jarrabawar ƙarin girma, akwai takardar miƙa aiki da ma'aikaciyar jinya za ta bar wa mai karɓarta, wadda kuskure a cikinta yana iya taɓa ran mutum. Ku malaman makaranta kuwa, ku ne kuka fi tsaya mini a rai. Duk kuskuren da ba a gyara maka ba a nan, da alli za ka rubuta shi a allo, yara sittin ko tamanin su kwafe shi da amana, domin Malam ne ya rubuta. Wannan haƙƙi ne, kuma za a tambaye mu.

Ban ce ku guji na'ura ba. Ƙamus ma na'ura ce a zamaninsa. Abin da nake cewa shi ne a bi tsari: kai ka fara rubutawa, da kanka, har ƙarshe. Bayan nan idan makarantarku ta yarda, ka tambayi manhaja dalilin da ya sa wata jimla ba ta zauna ba, ka karanta bayanin, ka gyara da hannunka. Idan ita ta fara, kai ka zama mai kwafa. Haka abokan karatu: ku haɗu ku uku ko huɗu a ƙarshen mako, ku tattauna tambaya, ku yi musu, ku karanta wa juna. Amma idan aka zo rubutu, kowa ya koma ɗakinsa.

Yanzu ga yadda ake yin ta. Mafi yawan makin da ke zubewa a jingar Turanci ba a nahawu yake zubewa ba, a rashin karanta tambaya ne. An ce ka taƙaita nassi cikin jimla uku, ka kawo shafi guda. An ce ka kwatanta abu biyu, ka yi bayanin ɗaya ka manta ɗayan. An ce kalma 250, ka kawo 600 kana ganin ƙoƙari ka yi, alhali iya tsayawa a kan iyaka yana cikin abin da ake gwadawa. Ka karanta tambayar ranar da ta fito, ko da ba ranar za ka amsa ba. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke ba da umarni. Tambayar da ta kwana a kanka tana aiki ko kana kan babur, sannan idan ka buɗe littafin kwas ka san abin da kake nema a ciki.

Sai zancen da ake yawan yi mini: Malam, da Hausa nake tunani, in fassara ko kuwa? Tsara tunaninka da Hausa ba laifi ba ne, harshenka ne, da shi ka fi kaifi. Ka jera abubuwa uku ko huɗu da kake son faɗa, da Hausa, a gefen takarda. Amma kada ka gina doguwar jimlar Hausa sannan ka bi ta kalma bayan kalma kana juyawa, domin abin da zai fito ba Hausa ba ne, ba Turanci ba. Ka ɗauki ma'anar, ka faɗe ta da gajeren Turancin da ka tabbata da shi. Mai aiki, aiki, abin da aka yi wa, aya. Manyan kalmomin da aka tono daga ƙamus don a burge malami sun fi komai jawo jan biro. Idan ka gama rubutun farko, ka ajiye shi ya kwana. Washegari ka karanta shi da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da idonka ya tsallake. Ka bi shi sau ɗaya kana duba fi'ilai kaɗai, ka sake bi kana duba rubutun kalmomi kaɗai.

Lokaci fa? Na san ba ku da shi. Ɗan sanda yana dawowa daga aikin dare, mai shago ba ya rufewa sai bayan isha'i, uwa kuma aikinta ba shi da lokacin tashi. Ba wanda zai ba ku yini guda cur, don haka kada ku jira shi. Rabin sa'a bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kullum, ta fi daren ƙarshe da ake kwana zaune. A nan ina da roƙo ga magidanta da ke wurin nan. Idan ka yarda matarka ta yi karatu, yardar ba ta ƙare a biyan kuɗin rajista ba. Ka riƙe mata yara sa'a ɗaya ranar Asabar, ka bar mata wayar da caji, kada a aiko mata da baƙi ranar da take da jinga. Na ga mata masu ƙwazo da suka bar karatu, ba don ya fi ƙarfinsu ba, sai don ba a taɓa bar musu sa'a ɗaya tasu ta kansu ba.

Miƙawa kuma wani aiki ne mai zaman kansa, kuma a nan ne ake asarar da ta fi ciwo, domin an riga an sha wahalar. Idan an ce za a rufe ƙarfe goma sha biyun daren Lahadi, kai ka sa wa kanka Alhamis. Daren ƙarshe kowa yana kan shafi ɗaya a lokaci guda, shafi ya yi nauyi, sabis ya ɗauke, wuta ta tafi, data ta ƙare ana tsakiyar ɗorawa. Ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar nan, mai dabara yana sa su a lissafi tun farko. Kwamfuta kuwa ba ta jin magiya, ba ta san an yi rasuwa a unguwarku ba. Tun farkon zango ka tabbata kwas ɗin yana cikin waɗanda ka yi wa rajista, domin jingar kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba ba za ta buɗe maka ba. Sunanka da lambarka da lambar kwas su kasance a shafin farko, kuma a sunan fayil ɗin. Idan rubutun hannu ne, ka ɗauki hoton da rana, takarda a shimfiɗe, ba inuwar hannunka a kai, ka haɗa shafukan a jere cikin PDF guda, ka buɗe ka gani da idonka kafin ka tura. Idan ta danne-danne ce, ka karanta babin tukuna, kada ka buɗe ta a inda sabis ke rawa. Bayan ka tura, ka jira saƙon da ke nuna ta shiga, ka ɗauki hotonsa ka adana. Idan da hannu ake kaiwa cibiya, ka sa hannu a rajista, ka riƙe kwafi. Ranar da aka ce ba a ga jingarka ba, wannan hoton ne kaɗai zai yi maka magana. Kalmar sirrinka kuma kada ka ba kowa, ko mai kafe ko aboki.

Idan larura ta gaske ta taso, rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa ko an tura ka aiki wani gari, ka rubuta wa malaminka ko jami'in cibiya kafin ranar rufewa, ba bayanta ba. Ba kullum ake iya ɗagawa ba, amma wanda ya yi magana da wuri yana da hujja. Idan kuma lokaci ya ƙure jingar ba ta yi yadda kake so ba, ka miƙa ta haka. Da yawa daga cikin waɗanda ke barin karatu daga nesa ba faɗuwa jarrabawa ce ke korarsu ba. Jinga ɗaya ce ke wuce su, kunya ta kama su, su daina buɗe shafin, ta biyu ta wuce, shi ke nan sai a daina ganinsu. Idan ta farko ta wuce ka, ka zo a yi ta biyu. Babu wanda ke riƙe da kai a zuci.

Saura abin da kusan kowa ke tsallakewa. Takarda ta dawo, ka duba lambar da ke sama, ka yi murna ko ka ɓata rai, ka jefa ta cikin jaka. To, makin shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin abin da ya dawo. Ka nemi ƙaramin littafi na musamman. Duk jimlar da aka ja wa layi, ka kwafe ta yadda ka rubuta ta, ka rubuta gyararriyar a ƙarƙashi. Bayan jinga uku za ka lura kurakuranka ba su da yawa kamar yadda kake tsoro, guda huɗu ne ko biyar ke ta maimaita kansu. Kafin ka tura jinga ta gaba, ka buɗe littafin nan ka farauce su ɗaya bayan ɗaya. Inda ba ka gane gyaran ba, ka tambaya. Malami yana jin daɗin ɗalibin da ya dawo da takarda yana cewa, Malam, me ya sa nan?

Ba zan sauka ba sai na juyo kanmu, mu masu dubawa da masu tafiyar da makarantu, domin nauyin ba a kan ɗalibi kaɗai yake ba. Jingar da ta dawo bayan an gama jarrabawa ba ta koyar da kowa komai ba. Takardar da aka rubuta wa 6 cikin 10 aka sa hannu, ba kalma ɗaya a gefe, an ba ɗalibi maki amma an hana shi malami. Na fahimci dalilin da ya sa aka koma jingar danne-danne da kwamfuta ke dubawa: ɗalibai dubbai ne, masu dubawa kaɗan, kuma kuɗin biyansu ba ya isa. A wasu kwasa-kwasan hakan yana wadatarwa. A Turanci ba ya wadatarwa. Mutum yana iya zaɓar amsa daidai cikin huɗu sau ɗari, a ce ya rubuta sakin layi ɗaya ya kasa. Ina roƙon duk mai faɗa a ji a wurin nan: ko da sauran jingogin sun zama na kwamfuta, a bar guda ɗaya a kowane zango wadda ɗalibi zai rubuta da kalmominsa, ɗan Adam ya karanta, ya rubuta masa jimla uku a ƙasa, a mayar masa cikin mako biyu, tun yana tuna abin da ya rubuta. A biya mai dubawar haƙƙinsa a kan lokaci, a kuma rage masa yawan takardu yadda zai iya karanta kowace. Kafin a kai ga haka, ku ɗalibai da jingarku duk ta danne-danne ce, ku rubuta shafi ɗaya kowane mako, ku kai wa malamin cibiya ko wani malamin Turanci na sakandare a unguwarku ya ja muku layi.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. A nan zan tsaya domin a sami lokacin tambayoyi.